"A bari ya girma": maganar da ke cutar da ƴaƴanmu

Kafin in koma makarantar horon malamai, na yi shekaru ina riƙe da ajin CE2 a wani ƙauye. Akwai yaron da ba ya shiga wasa in an fita hutu, kullum yana gindin bedi, hannu dafe da mara. Na ɗauka ƙyuya ce, har na taɓa yi masa faɗa. Ashe ƙaba ce gare shi tun yana goye, a gida kuwa an ce a bari ya girma. Wata rana ta shaƙe, ya kama amai, aka ɗora shi a amalanke cikin dare zuwa bakin hanya. Allah ya yi yana da sauran kwana, amma sai da aka yanke wani yanki na hanjinsa, karatun shekarar kuma ya tafi. Da an kai shi da wuri, ƙaramin aiki ne.

Tun ranar nake tunanin likitocin tiyatar yara. Bayan karatun likita, suna ƙara wasu shekaru suna koyon yi wa jarirai da yara aiki, don jikin yaro daban yake da na babba. Jinin jariri sabon haihuwa gaba ɗaya bai kai rabin lita ba, ɗan abin da zai zuba ya isa ya kai shi lahira. Maganin barcin da za a ba shi, da nauyinsa ake auna shi. Kuma duk abin da aka ɗinke, dole ya ci gaba da girma tare da mai shi.

Su ne ke gyara jaririn da aka haifa ba dubura, da mai tsagaggen leɓe ko ganɗa, da yaron da golonsa bai sauko ba, da wanda zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, da wanda wuta ta ƙona har fata ta tattare. Kowanne yana da lokacinsa. Leɓe akan ɗinke shi tsakanin wata 3 zuwa 6. Golon da bai sauko ba, an fi son a sauko da shi kafin wata 18. Murɗaɗɗiyar ƙafa tun makonnin farko ake fara miƙar da ita da filasta. Wasu kuwa ba sa jiran safiya: koren amai ga jariri, kumburin mara mai tauri da zafi, ciwon golo na farat ɗaya wanda in ya wuce awa 6 ana iya rasa golon.

Za a ce mini: ina likitocin suke? Gaskiya ne, sun yi kaɗan ga ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma akasarinsu a Yamai suke, inda asibitin Lamorde yake da sashen tiyatar yara, ga kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010. Uban da ke ƙauyen Tawa ko Damagaram sai ya lissafa kuɗin mota da masauki da gonar da zai bari. Maganin kyauta da hukuma ta kafa a 2006 kuwa a shekara 5 ya tsaya, ɗan makaranta yana wajensa. Haƙƙin hukuma ne ta horar da ƙarin likitoci, ta tura su jihohi tare da masu ba da maganin barci da kayan aiki.

Amma ƙarancinsu bai wanke mu ba. Likitan tiyata ba ya bin gidaje, wanda aka kawo masa shi yake gani. Mu malamai ne muke wuni da yaro. Mu muke ganin mai ɗingishi, da wadda ba ta ɗaga hannu saboda ana dariyar maganarta, da wanda wandonsa kullum a jiƙe. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina masu shirin zama malamai: ba a ce ku zama likitoci ba, ku lura, ku kira uba ko uwa gefe a asirce, ku nuna musu hanyar gidan likita mafi kusa, inda za a ba su takardar wucewa gaba. Kada ku tona ciwon yaro gaban aji.

Ku kuma iyaye, lahanin haihuwa ba abin kunya ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba aikin iska ba ne. Wanzami yana da darajarsa, amma kumburin mara ba na tsaga ba ne. Kwamitin iyayen yara na kowace makaranta zai iya ware ɗan abin da za a kai yaro ɗaya asibiti a shekara. Idan wani ya ce muku a bari ya girma, ku tambaye shi ko likita ne ya faɗa.