Diffa: jahar man fetur da ke fama da ɗaukewar wuta

Da zarar zafin watan Afrilu da Mayu ya kama, ma'aunin zafi ya haura digiri 40, hirar kowace fada a garin Diffa takan koma kan kuran: yaushe aka ɗauke, yaushe za a maido. Tela ya tsaya, mai walda ya tsaya, mai injin niƙa ya sallami mata da hatsinsu, mai sayar da ƙanƙara yana kallon jarinsa yana narkewa a firigo. Idan abin ya daɗe, famfo ma sai ya yi rauni, domin injinan da ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da wuta suke aiki.

Tushen matsalar

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ba shi da layi guda da ya haɗe ƙasar baki ɗaya. Yamai da Dosso suna shan wuta ta layin Birnin Kebbi. Maraɗi da Damagaram suna sha ta layin da ya taso daga Katsina. Agadas ta dogara da kwal ɗin SONICHAR. Ita kuwa Diffa, mai nisan sama da kilomita 1,300 daga Yamai, an jona ta ne da wani ƙaramin layi mai kilobolt 33 da ya tsallako Komadugu daga Damasak a jahar Borno.

Boko Haram ta ƙwace Damasak a watan Nuwamba 2014, sannan ta kai hari Bosso da Diffa ran 6 ga Fabrairu 2015. Tun daga wannan lokaci layin ya daina zama abin dogaro, nauyin ya koma kan injinan gazuwal. Maiduguri kanta ta shiga duhu na dogon lokaci bayan da aka fasa turakun layin Damaturu a Janairu 2021. Wanda ba shi da wuta a gidansa ba zai sammaka maƙwabci ba.

Shi ya sa lissafin Diffa ya bambanta da na Yamai. Lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta, ta yanke layi a Ogusta 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, babban birni ya ɗanɗana abin da Manga ta daɗe da sani. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, sauƙin ya fi isa yankunan da manyan layuka ke bi.

Akwai kuma wani abin da ke ci wa jama'a rai. Ɗanyen man Agadem daga ƙasar jahar Diffa yake fitowa. Bututu yana kai shi matatar SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, daga nan motocin tanka su juyo da gazuwal ɗin gabas ta hanyar RN1. Duk abin da ya tsayar da tanka a hanya, ko ya jinkirta kayan gyaran inji, a kwan fitilar gida ake ganin sa. Bukatar kuma ta ƙaru, domin garin ya kumbura da ƴan gudun hijira da waɗanda rikici ya taso daga ƙauyukan bakin kogi da tsibiran tafkin Cadi.

Ba kowace ɗaukewa ce iri ɗaya ba

Mai kontar yana bukatar ya rarrabe abu uku. Na farko, rabon wuta: injina ba su isa ba, sai a kashe wa wannan unguwa a ba waccan. Wannan ba ya gyaruwa da kiran ma'aikata. Na biyu, lalacewa a layi: turansufo ya ƙone saboda nauyi, ko iskar farkon damina ta kayar da turke, ko ambaliyar Komadugu irin ta 2019 da 2022 ta ci gindinsa. Na uku, matsalar cikin gida: disjonktar ya faɗi, waya ta ƙone, ko kuɗin kontar mai kati sun ƙare.

Leƙa gidan maƙwabta yakan warware tambayar. In gidanka kaɗai ne, duba disjonktar da kontar. In layinku ne kawai alhali sauran unguwa na haske, to wannan ce ɗaukewar da ya kamata a kai rahotonta nan take. Sau da yawa kowa yana zaton wani ya riga ya faɗa, har a kwana ba wanda ya je ofis.

Rahoto mai amfani yana ɗauke da sunan unguwa, lambar kontar da ke kan faktir, wata alama kamar masallaci ko lakkol, lokacin da wuta ta tafi, da abin da aka gani ko aka ji. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona kaya, a rubuta takardar koke, a riƙe kofi mai hatimin ofis. Koken da mai unguwa ya kai da sunayen gidaje da yawa ya fi na mutum ɗaya nauyi. Wanda bai gamsu ba yana da hukumar ARSE, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan harkar makamashi, kare haƙƙin masu amfani da wuta kuma yana cikin aikinta.

Dabarun da ke kisa

Wasu hanyoyin jurewa sun fi duhun haɗari. Gurup a cikin ɗaki ko zaure rufaffe yana fitar da iskar guba marar wari, wadda ke kashe mai barci. Jona gurup da wayoyin gida ba tare da raba su da layin kamfani ba yana tura wuta baya, ta kama ma'aikacin da ke bisa turke. Wayar da ta faɗo ƙasa, a ɗauka da wuta a jikinta, a kori yara, a kira kamfani. Ba wa wani yaron unguwa ƴan kuɗi ya hau turke, ko jan waya ta bayan kontar, shi ke ƙara wa turansufo nauyi har ya ƙone wa kowa. Cire firigo da talabijin daga soket idan an ɗauke wuta kuwa ba ya cin ko dala.

Abin da ya rage wa hukuma

Masu hali sun koma fanon sola da batir, wasu manoman tattasai a bakin Komadugu ma suna sauya injin ban ruwa na fetur da na rana. Amma wanda ke neman abincin yini ba zai iya sayen batir ba. Nijar ta nuna tana iya wannan aiki: tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Haɗa irin wannan tasha da injinan Diffa zai rage gazuwal ɗin da ake ƙonawa da rana, daidai lokacin da fanka da firigo suka fi jan wuta.

Kafin nan, akwai abin da ba ya bukatar biliyoyin sefa: jadawalin rabon wuta da za a riƙa karantawa a gidajen rediyon gari da Hausa da Barbarci da Fulatanci, a kuma cika shi, tare da rajistar koke da ke ba kowa lamba. Mai walda da ya san wuta za ta zo da ƙarfe biyu zai iya yi wa mai ƙofa alkawari.