Idan Kyaftin Ya Gama Aji Shida, Wa Zai Riƙe Usur?



Akwai abin da muka daɗe muna lura da shi a makarantun sakandare na yankin Gwarzo da Kabo. Za a sami ɗalibi ɗaya gwanin ƙwallon kwando, shi ne kyaftin, shi ke tara yara da yamma, shi ke ajiye ƙwallo. Ranar da ya rubuta takardarsa ta ƙarshe ta WAEC ya ɗauki akwatinsa, shi ke nan wasa ya mutu. Kafin zango ya ƙare, ciyawa ta cinye fili, ƙarfen kwando ya yi tsatsa. Gwanin ya tafi da abin da ya iya, bai koya wa kowa ba.

Shi ya sa yau muka kawo muku labarin Masai Ujiri. A Zariya ya tashi, kuma ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar yawancinmu, sai yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Ya tafi Amurka ya buga wa kwalejin Bismarck, sannan ya yi wasu shekaru yana wasa a Turai. Bai taɓa buga gasar NBA ba. Da ya ajiye wasa a 2002, sai ya shiga horar da matasa a Najeriya, daga nan ya zama mai farauto 'yan wasa ga ƙungiyar Orlando Magic, ba albashi, kuɗin tafiya ma daga aljihunsa. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2019 kuma ƙungiyar da yake shugabanta, Toronto Raptors, ta ɗauki kofin NBA. Abin da ya kai shi nan shi ne idonsa: yana kallon yaro ya gane abin da zai iya zama.

To, iya wasa daban, iya koyarwa daban. Ɗan wasa kansa yake kallo, koci kuwa yana kallon mutum biyar a fili da waɗanda ke kan benci. Gwani yana jefa ƙwallo ta shiga ba tare da ya san yadda ya yi ba, amma koci sai ya iya faɗa wa ɗan aji ɗaya inda zai ajiye ƙafa da yadda zai ɗaga gwiwar hannu, ya maimaita sau goma bai yi tsawa ba. Abu mafi wuya shi ne ka zaunar da abokinka a benci saboda wani ya fi shi ƙoƙari a atisaye.

Ga shawararmu ga 'yan aji biyar da shida, maza da mata. Ku nemi izinin malamin wasanni, kowa ya ɗauki ƙanne uku ko huɗu daga ƙananan azuzuwa, sau biyu a mako. Ku ware littafi ku riƙa rubuta abin da kuka koyar da wanda ya fahimta. Ku koyi dokokin wasan sosai, ku karɓi alƙalanci wani lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya ji aikin ya kwanta masa, akwai hanya. Ana karanta ilimin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, ga kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas da ke horar da masu horarwa. Ƙungiyar Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ita ma da koci take cin wasa.

Kyaftin, kafin ka tafi, wa ka koya wa? Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.