Waiwaye: Diflomar Shekara Biyu da Masu Farar Riga

Kusan kowace unguwar ma'aikata a Kaduna, Zariya ko Jos, a shekarun 1970 da 1980, tana da mutum guda da muke kira malamin lab. Da sassafe zai ɗaure farar rigarsa a bayan babur ya nufi aiki, ya dawo gab da la'asar da warin sinadari a hannunsa. Galibi takardarsa ba ta wuce ta karatun shekara biyu bayan sakandare ba, a fannin ilimin halittu da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Da ita ya aurar da ƙannensa, ya sayi fili, wani ma har ya sauke farali. Yau idan ana lissafa waɗanda boko ya amfana, ba kasafai muke tuna shi ba.

Ina ma mu tuna inda irinsa suka yi aiki. A Vom, inda aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi tun 1924, su ne ke dafa kwalabe, su auna, su cika allurar rigakafin bushiya, cutar da ta sha share garken Fulani kakaf. A Kaduna, a cibiyar binciken ciwon barci da sammore, su ke kiwon ƙudan tsando, su ɗebi jinin saniya, su shafa a gilashi, su rina, su duƙufa kan madubin likita har ido ya yi ja. A Samaru kuwa, wadda ta fara a matsayin tashar binciken noma a 1922, su ke ƙirga irin auduga da gyaɗa da dawa, wanne ya tsiro, wanne ya ruɓe. Sunan da ke kan takardar bincike na dakta ne, amma hannun da ya yi aikin nasu ne. Da aka shelanta a 2011 cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, na tabbata akwai tsofaffi a ƙauyukan Filato da suka san da guminsu a ciki, ko da babu wanda ya je ya yi musu barka.

Yanzu fa? Yaro ya ce ya samu gurbin difloma, sai ka ji dangi suna yi masa magana kamar ana jaje: "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri, baɗi ka sake jarrabawa."

Bari mu yi lissafin kuɗin kamar yadda iyayenmu suka yi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta samo asali a 1956, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1968, hukumar NBTE mai kula da irin waɗannan makarantu kuma aka kafa ta a 1977. Tsarin shi ne shekara biyu a aji, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan mai hali ya koma ya ƙara biyu ya karɓi babbar difloma. A aikin gwamnati, mai ƙaramar difloma yana shiga a matakin albashi na 6, mai digiri a na 8. Ratar tana nan, amma mai diflomar ya riga takwaransa fara ɗaukar albashi da shekaru, bai ci kuɗin makaranta mai yawa ba, yajin aikin malaman jami'a kuma bai riƙe shi ba. Ga ɗan talaka mai ƙanne bakwai a bayansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannu ba ta hana zuwa, da yawa daga cikinsu suna cikin aiki suka ƙaro karatu.

Sai dai hawan yana da iyaka. An daɗe mai babbar difloma ba ya wuce mataki na 14, alhali mai digiri yana iya kai 17. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Wata doka ta 2003 kuma ta keɓe gwajin jini da fitsari na asibiti ga masu rajista da hukumar wannan sana'a, don haka diflomar kimiyya kaɗai ba ta buɗe wannan ƙofa. Masana'antun Kakuri, Bompai da Sharaɗa da ke ɗibar masu gwaji, da yawa sun rufe. Abin da ya rage shi ne hukumomin ruwa, kamfanonin ruwan leda da na abinci, gonakin kaji, da makarantun kuɗi, waɗanda wasunsu ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024 ba sa biya.

Har a Amurka haka abin yake. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadagon ƙasar na 2023 sun nuna matsakaicin abin da mai takardar shekara biyu ke samu a mako dala 1,058 ne, mai sakandare 899, mai digiri 1,493. Takardar tana ɗaga mutum, ba ta kai shi ƙololuwa.

A ganina diflomar tana biyan kuɗinta, muddin yaron ya fito da aiki a hannunsa. Abin da ya ɗaga tsofaffin nan ke nan: sun iya haɗa sinadari, sun iya gane ƙwayar cuta da ido, ba a iya buɗe ɗakin gwaji ba tare da su ba. Don haka iyaye, kafin ku biya kuɗin rajista, ku taka zuwa makarantar ku leƙa ɗakin gwajinta. Ku ga ko akwai ruwa a famfo da wuta a soket, ku tambayi ɗalibai nawa ke layi kan madubi ɗaya, ku kuma ji inda yaronku zai yi shekararsa ta sanin makamar aiki.