Kada Na'ura Ta Koya Wa Kalangu Magana

Wata ɗabi'a ta shigo wa matasanmu masu kiɗan gwaji, daga zangon Kumasi har Garwa: sai mutum ya tara kuɗin shekara guda ya sayi na'urar kama sauti don kawai ya gan ta a hannun wani Bature a intanet. Ba mu yarda da wannan ba, kuma ga dalilanmu.

Aikin na'urar a dandali shi ne ta kama abin da makaɗi ya buga yanzu, ta riƙa maimaita shi, shi kuwa ya ɗora wani a kai. To, yawancin irin waɗannan na'urori, tun daga Akai MPC60 ta 1988, suna zuwa da dabarar jawo kowane bugu zuwa kan ma'auni ƙayyadadde. Kalangu kuwa magana yake yi. Yana bin hawa da saukar murya, yana jinkiri inda harshe ya yi jinkiri. Wanda ya daidaita shi da ƙarfin tsiya ya ƙwace masa baki. Ko a Amurka, J Dilla bai yi suna ba sai da ya ƙi bin wannan ma'auni a kan MPC3000 tasa. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: ana iya kashe wannan dabara, a bar makaɗi ya yanke tsawon zagayen da kunnensa?

Ta biyu, wace gaɓa ce za ta sarrafa ta? Boss RC-505 tana da layuka biyar, amma ta kan tebur ce, da yatsu ake taɓa ta. Ta dace da mai kiɗan baki. Mai goge ko gurmi hannayensa biyu suna kan aiki, abin da yake bukata shi ne wadda ake takawa da ƙafa, irin RC-600.

Ta uku, wuta. Elektron Octatrack, wadda aka fitar a Suwidin a 2011, tana da layukan sauti takwas, tana yanka sauti tana juya shi yadda aka so. Amma koyonta sai an yi watanni, kuma in an ɗauke wuta ta yi shiru. Roland SP-404MKII ta 2021 tana aiki da batura shida, sai dai ta fi ƙarfi wajen sarrafa sautin da aka riga aka ajiye. Kowa ya auna ƙarfinsa da wurin da zai yi wasa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Za a ce mana kiɗan gwaji ai karya ƙa'ida ne, me ya haɗa shi da kalangu? Amsarmu ita ce, wanda ya bar saitin masana'anta ya zaɓa masa bugu bai karya komai ba, biyayya ya yi. A 1944 Halim El-Dabh ya ɗauki sautin bikin zar a Alkahira da rakoda mai waya, ya sarrafa shi. A 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan lantarki a Nijar da ogan guda. Ba su da ko rubu'in kayan yau.

Mu da muke tsiraru a ƙasashen nan, amonmu na cikin abin da ya rage mana. Kafin ka biya kuɗi, ɗauki kalangu zuwa shagon, ka buga kirari ɗaya, ka saurara. In ya dawo maka yana Hausa, saya.