GARI NA CIN GONA, 'YAN FIM NA RAWA A LAMBU

Mai karatu, yau tambaya gare ni, kuma ina son amsarta daga duk furodusa ko darakta ko marubucin da wannan mujalla ta shiga hannunsa. Tun daga 1990 da aka fitar da Turmin Danya a Kano zuwa yau, finafinan Hausa da aka yi sun kai dubbai. Littattafai kuwa ba a magana. An yi na kishiya, an yi na auren dole, an yi na ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, an yi na aljanu da matsafa. To a cikinsu kaf, a lissafo mini guda biyar kacal waɗanda jigonsu shi ne manomin da gari ya cinye wa gona. Biyar fa na ce. Ina saurare.

Abin haushin shi ne, wannan labari yana nan a ƙofar gidan kowannenmu. Ɗauki Birnin Kebbi. Ranar 27 ga Agusta, 1991 gwamnatin Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, garin ya zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo, aka shiga neman ofisoshi da gidaje. Tun daga lokacin gari ke tafiya bai tsaya ba. Gesse ta cika, Gwadangaji da ake ganinta can gefe ta haɗe da gari, filin jirgin sama ya zauna wajen Ambursa, jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 ta ja mutane zuwa hanyar Kalgo. Mu nan Badariya, tambayi duk dattijon da ka gani a bakin masallaci, zai nuna maka layin da yake cike da shaguna ya ce maka nan gero yake shukawa. Ba wanda ke ƙin ci gaba. Abin da nake tambaya shi ne: da gari zai miƙa ƙafa, wa aka tambaya? Wa ya zauna ya duba inda ruwa zai bi, da inda shanu za su bi, da abin da mai gona zai ci bayan shekara biyar?

Bari in ɗan cire hular sharhin fim in gaya maka yadda abin ke gudana, domin da yawanmu ba mu sani ba, kuma rashin sanin nan shi ne jarin masu cin ƙasa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta raba ƙasa gida biyu: ta birni, wadda gwamna ke iko da ita kai tsaye, da ta karkara, wadda ƙaramar hukuma ke kula da ita. Wa ke faɗin inda birni ya ƙare? Gwamna. Da sanarwa guda a jaridar gwamnati, ƙauyenku zai iya kwana ƙauye ya tashi birni. Sannan dokar ta ba gwamna damar soke haƙƙin mutum a kan fili idan an ce amfanin jama'a ne ya buƙaci haka. Diyyar da za a biya kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, itatuwa, rijiya, amfanin gonar da ke tsaye. Ita kanta ƙasar da ka gada kaka da kakanni, wadda ta ciyar da gidanku shekara ɗari, ba a yi mata kuɗi. A ƙirga maka mangwaro uku da darbejiya biyu da dawar bana, a ce ka sa hannu. Kuma tsarin mulki na 1999 ya rungume wannan doka, gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa.

Amma akwai wata dokar da ya kamata ta zama birki. A 1988 aka gano wata guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, na Jihar Delta ta yanzu, ba Kokonmu na hanyar Yawuri ba. Wannan abin kunya ne ya farkar da gwamnati, har a 1992 aka kafa doka mai lamba 86, wadda ta ce kafin a fara duk wani babban aiki sai an yi binciken illar da zai yi wa muhalli da mutanen wurin. Sabon gari, filin jirgi, madatsar ruwa, rukunin gidajen da ya kai hekta 50, busar da dausayin da ya kai hekta 100, duk suna cikin jerin ayyukan da binciken ya zama dole a kansu. In an gama, ana baje rahoton na tsawon ranakun aiki 21 domin jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu, kuma dole hukuma ta duba abin da suka faɗa kafin ta yanke hukunci. A shekarar dai aka yi doka mai lamba 88 ta tsara birane, ita ma ta tanadi a nuna wa jama'a taswirar gari su kawo ƙorafi kafin a amince da ita.

Ka ji fa, mai karatu. Kana da haƙƙin magana, a rubuce, cikin doka, fiye da shekara 30 ke nan. To tsakaninka da Allah, ka taɓa shiga wani ofis ka ce a ba ka irin wannan rahoto ka duba? Ka taɓa jin mai shela ya zaga unguwarku yana cewa a fito za a yi shawara kan filin da ke bayan makaranta? Rahoton da ake rubutawa cikin Turancin injiniyoyi, shafi ɗari-ɗari, a ajiye shi a kan teburin sakatariya, wane manomin Zauro ko masuncin Argungu ne zai karanta shi cikin kwana 21? An cika sharaɗin doka, an bar mai gona a duhu. Ga kuma wata ƙofar: tunda doka ta ce hekta 50, ai sai a yanka filin gunduwa-gunduwa, kowane yanki bai kai ba. Awon igiya kuwa, wanda dillali da mai gona ke yi da yamma ba safiyo ba taswira, shi ko kusa da dokar ba ya zuwa. A yanka fuloti har cikin hanyar ruwa, ba filin makaranta, ba maƙabarta, ba lambatu, layi ko motar ɗaukar mara lafiya ba ta shiga. Sai Agusta ta zo, ruwa ya dawo neman hanyarsa ta tsakar ɗakin mutane, a shiga rabon tabarmi da buhun shinkafa ana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya sa hannu aka toshe kwari da bulo shi ma za a tambaye shi.

In kana ganin maganar shawara da jama'a wasa ce, waiwayi Bakolori. An kammala wannan madatsa a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978. Aka tashi dubban mutane, aka karɓe gonaki, maganar diyya ta cuɗe. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Su kuma na ƙasa da madatsar, waɗanda ba wanda ya ko tuna da su, ambaliyar da ke shayar da fadamarsu duk shekara ta ragu, shinkafa ta ja baya, kifi ya yi ƙaranci. A nan kusa da mu kuma ga aikin noman rani na fadamar Zauro, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, wanda aka fara tunaninsa tun 1969, aka yi gwajinsa a 1982, mai faɗin fiye da hekta 10,000. Da aka sake taso da shi a 2008 manoma suka ƙi, don tsoron gonakinsu za su suɓuce. Ka ga ko aikin alheri ne, in ba a zauna da masu wuri ba, zargi ke cinye shi. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma a manta da abin da wannan kwari na Rima yake. Nan ne Shugaba Buhari ya zo a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa. Daga nan aka kai shinkafar Lake zuwa Legas a 2016. A shekarar ce hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, cikin kayan gadon duniya. Duk wannan tutiya a kan ruwa da laka take tsaye. Fadama ita ce tulun da kogi ke zuba rarar ruwansa in ya cika. Mun ga abin da ya faru a 2010 da ruwan Goronyo ya sauko, mun ga na 2020 da rahotanni suka ce ya shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar nan. Kowane fuloti da aka cike da ƙasa a bakin fadama, ruwan da ya saba kwanciya a wurin gidan wani zai koma.

Na san abin da za a ce. Za a ce gari dole ya girma, mutane na ƙaruwa, ina za su kwana? Gaskiya ne, kuma shi ya sa ake buƙatar tsari: ga tudu a yi gida, ga fadama a bar wa shinkafa, ga burtali a bar wa shanu, ga kwari a bar wa ruwa. Za a ce ai manoman ne da kansu ke sayarwa, ba wanda ya sa musu wuƙa. To mutumin da ya ji raɗe-raɗin za a karɓe wurin a biya shi kuɗin darbejiya, me zai hana shi rigan gwamnati ya sayar wa dillali? Tsoro ne ke sayar da gonar. Za a kuma ce wannan duk tsarin Turawa ne. Subhanallahi! A ƙasar Gwandu za a faɗi haka? Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta kan hukuncin mallakar ƙasa, Ta'alimur Radi. Kalmar hurumi da muke amfani da ita, wato filin da ake bar wa gari na kiwo da itace da mashaya wanda ba mai ikon ya mallake shi shi kaɗai, daga fiƙihu ta zo mana. Kakanninmu sun san da wannan tun kafin a haifi wanda ya rubuta dokar 1992.

Yanzu bari in dawo kanmu, 'yan fim da marubuta, don da ku nake. Kullum ana zarginmu da kwaikwayon Indiya, mu kuma muna cewa ai al'adunmu sun yi kama. To madalla. Me ya sa rawar kawai muka ɗauko? Indiyawan nan su ne suka yi Do Bigha Zamin a 1953, labarin manomin da mai kuɗi ke son 'yar gonarsa don a gina masana'anta, ya tafi birni yana jan keken ɗaukar mutane don ya fanshe ta, ya dawo ya tarar an riga an fara gini. Su ne suka yi Mother India a 1957, wanda iyayenmu suka kalla har suka haddace, kuma kashin bayansa gona ce da bashi. A Amurka an yi Chinatown a 1974, fim ɗin bincike mai tsayar da numfashi, alhali jigonsa yadda manya suka hana manoma ruwa, suka saye gonakinsu da arha, don a haɗe yankin da birnin Los Angeles su kwashi riba. Waɗannan duk sun yi kasuwa. Mu kuwa sai mu ari katafaren gida a sabuwar unguwa, mu jera motoci, yarinya ta fito da kaya kala bakwai a waƙa ɗaya, ba mu taɓa juya kyamara mu tambayi maigadin gidan daga ina ya zo ba.

Ga labari kyauta, duk mai so ya ɗauka. Magidanci ya karɓi diyya, kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya sayi babur ya ba ɗansa kabu-kabu, ya ƙara aure, ya gyara ɗaki. 'Yan'uwa mata suka taso neman kasonsu na gado, zumunci ya watse. Bayan shekara biyu babur ya mutu, rumbu ba komai, amarya ta tafi. Ya zo neman aikin gadi, aka ɗauke shi a gidan da aka gina a kan gonarsa, yana buɗe ƙofa daidai inda ya saba ɗaure jakinsa. In kuna son soyayya, ɗan mai gidan ya ga 'yar maigadin. Akwai kishi, akwai kuka, akwai kotu, har gurbin waƙa akwai. Wane sinadari ne babu? Shirin Kwana Casa'in ya riga ya nuna cewa 'yan kallo na iya zama su bi labarin siyasa da mulki mako-mako ba su gaji ba. Saboda haka kada furodusa ya ce mini ba zai sayu ba. Ya dai ce yana tsoron ɓata wa alhajin da ke ara masa gida rai.

Ga masu mulki, buƙatata ba ta da tsada. Duk filin da za a shigar cikin birni ko a yanka, a taƙaita rahotonsa da Hausa da ajami, da Fulatanci da Zabarmanci inda ake buƙata. A karanta shi a rediyo, a manna taswirar a ƙofar uban ƙasa da ta hakimi da masallacin Juma'a. A yi taron a garin da abin ya shafa, ranar da ba ta kasuwa ba, a kira masunta da makiyaya, a ware zama na mata, tunda su ma suna da gado a gonakin nan. A rubuta abin da aka faɗa, a dawo a gaya wa mutane wanne aka ɗauka, wanne aka bari, da dalili. Hukumar raya birane da ta kare muhalli na jiha su shata iyakar fadama da burtali da hanyar ruwa, su kafa alama kowa ya gani.

Kai kuma mai karatu, ran da ka ga baƙi da na'urar awo suna kafa turaku a bayan gari, kada ka tsaya kallo kamar ana ɗaukar fim. Je ka yi sallama, ka tambaye su wa ya aiko su, me za a yi, ina rahoton binciken, yaushe za a baje shi. Ku haɗu ku goma ku rubuta takarda, ku ajiye kwafi. Doka ta ba ku kwana 21. In katafila ta riga ta shigo, sauran duk ihu ne bayan hari.

Wanda maganata ta yi wa zafi, filin wasiƙu na nan a buɗe. Sai dai in zai rubuto, ya haɗo da sunayen finafinan nan biyar. Allah ya ba mu shugabanni masu shawara, ya tsare mana fadamarmu, amin.