Baƙon da ke zaune a cikin ganye

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Baƙon da zan yi magana a kansa a wannan mako kuwa shekaru yake yi a masauki ɗaya. Masaukin shi ne ganyen itatuwan ƙasashen sanyi, dangin fayin da fir da sifurus, masu ganye siriri kamar allura, irin waɗanda ake gani jefi-jefi a Jos. Baƙon kuma funfuna ce, 'yar uwar wadda ke tsirowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita a cikin ɗanyen ganye take zama, ba tare da an ga alamar cuta ba.

Sabon ganye yakan fito babu kowa a cikinsa. Ruwan sama da iska ne ke kawo ƙwayoyin funfunar daga tsofaffin ganyaye. A jihar Oregon ta Amurka, George Carroll da abokan aikinsa sun yi nazarin wata mai suna Rhabdocline parkeri a itacen fir na Daglas. Takan shiga ƙwayar halitta guda a fatar ganyen ta lafe, har sai ganyen ya tsufa ya mutu, sannan ta bazu ta ci gawarsa. Kafin nan tana biyan kuɗin haya, domin tsutsar wani ɗan ƙuda da ke kumbura ganyen ta fi mutuwa a inda funfunar take.

A gabashin Kanada abin ya kai ga sana'a. Akwai wata tsutsa da ke cinye tohon sifurus, ta bar daji fayau. David Miller na Jami'ar Carleton da abokansa sun nuna cewa funfunar Phialocephala scopiformis tana fitar da dafi mai suna rugulosin, wanda ke hana tsutsar girma da sauri. Yanzu a lardin New Brunswick tun a wurin reno ake sa wa 'ya'yan itatuwa wannan funfuna kafin a dasa su.

To amma kada mai karatu ya ɗauka amana ce ta har abada. Fir na Daglas yana da wata funfunar da suka daɗe tare lami lafiya a mahaifarsa. Da aka dasa shi a Turai, sai a 1925 aka ga tana kakkaɓe masa ganye a Suwizalan. Daga wajajen 1990 ta zama annoba a gaɓar tekun Oregon kanta, inda aka cika ƙasa mai laima da itace iri ɗaya, hunturu kuma ya rage sanyi. Takan yi yawa ta toshe ƙofofin da ganye ke shaƙar iska, itacen ya daina girma yadda ya kamata. Funfunar tana nan yadda take, mutum da yanayi ne suka sauya mata wurin zama.

A nan nake ganin darasi ga masu shirin dashen itatuwa, namu da na waje. Mun saba ƙirga nasara da yawan abin da aka dasa ranar biki. Itace kuwa da jama'arsa yake rayuwa, waɗanda ido ba ya gani. Duk wanda zai kawo iri daga nesa, ko ya cika fili da iri ɗaya, wajibi ne ya fara tambaya: da wa itacen nan ya saba zama, kuma a wane irin yanayi zaman nasu yake yin daɗi?