Gidan haya a Maraɗi da Ƙonni: Abin dubawa kafin a zuba jari

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ya san cewa hirar 'yan kasuwa a 'yan shekarun nan ba ta tsaya kan farashin wake da albasa ba. An koma maganar fegi da shago da sito, domin da yawa sun ga yadda kuɗin da suka ajiye a Naira ya narke a hannunsu, suna neman inda za su kafe shi.

Dalilin a fili yake. Tun da gwamnatin Najeriya ta saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, Dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, Sefa dubu kuma ta wuce Naira dubu biyu. Ita kuwa Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya a kan Sefa 655.957. Saboda haka mai gidan da ke karɓar haya da Sefa yana cefane da Naira ya ga riba ba tare da ya ƙara wa ɗan haya ko dala ɗaya ba. Sai dai wanda zai fara gini yanzu da Naira a aljihu, shi lissafin ya juya masa baya, domin fegi da siminti da ladan magina duk da Sefa zai biya. Ga kuma maganar sabon kuɗi na ƙasashen Sahel uku da shugabanninsu suka sha taɓowa, wadda mai shirin ƙulla hayar shekara biyar ya kamata ya sa a ransa.

Idan mai karatu bai manta ba, an rufe wannan iyaka sau biyu cikin shekara biyar. Na farko daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, na biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. A lokutan nan biyu, sitocin da ke rayuwa da kayan fito su suka fara zama fanko, domin wanda ya kama sito don tirela ce, in tirela ba ta zo ba sai ya miƙa makulli. Gidajen kwana na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ƙananan 'yan tireda kuwa ba su rasa mutane ba, ko da biyan ya yi jinkiri. A ganina, sabon shiga ya fara da ɗakunan kwana a cikin gari, ya bar manyan sito ga masu ƙarfin da za su iya jure shekara guda babu haya. Haka nan masu rububin filaye saboda layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, su tuna cewa fili ba ya biyan haya kafin jirgi ya iso.

Inda aka fi yin kuka shi ne takarda. A Najeriya mun saba da dokar filaye ta 1978 da takardar mallaka mai sa hannun gwamna. A Nijar hanya daban ce. Takardar da mai gari ko mai unguwa ya shaida tana da amfaninta, amma ba ta kai takardar sayar da fegi ta ofishin magajin gari ba, ita ma wannan ba ta kai cikakkiyar takardar mallaka da ake yi wa rajista a hukumar filaye ba. Kafin a biya, a je ofishin da kai a duba lambar fegin da sunan da ke kanta, kada a bar wa dillali wannan aiki, shi kamashonsa yake jira. Gonar gado da ke bakin gari ita ce mafi haɗari, domin ɗan'uwa ɗaya da bai sa hannu ba ya isa ya tsayar da gini a kotu. Sannan rubuta gida da sunan aboki ɗan ƙasa don gudun wahala, amana ce da ba lallai 'ya'yansa su san da ita ba ranar rabon gado.

Akwai kuma wata doka da 'yan kasuwarmu da dama ba su san da ita ba sai sun ci karo. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokar kasuwanci ta OHADA, Najeriya ba ta ciki. A ƙarƙashinta, wanda ya kama shago ya yi shekara biyu yana sana'a a ciki bisa sharuɗɗan da aka ƙulla, ya sami haƙƙin a sabunta masa haya. Idan mai shago ya ƙi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, sai ya biya shi diyyar tashi. In kuma ba a yanka wa hayar wa'adi ba, sanarwar wata shida ake bayarwa. Ke nan ba a wayi gari a ce wa mai shago ya kwashe kayansa don ɗan Alhaji ya gama makaranta yana son wurin.

Al'adar biya ma ta bambanta. A Kano ko Katsina mai gida na karɓar kuɗin shekara a dunƙule, a can kuwa an fi sabawa da wata-wata, tare da ɗan kuɗin ajiya a farko. Wanda ke zaune a Jibiya ba zai riƙa tsallakawa duk ƙarshen wata ba, dole ya sa wakili, kuma wakilin da ba shi da littafin rasit fitina ce ake kiwo. A rubuta yarjejeniya da Faransanci, a karanta wa kowa da Hausa gaban shaidu, a fayyace wanda zai biya NIGELEC da kuɗin ruwa da yashe masai. Haraji kan kuɗin haya yana nan, gara a tambayi ofishin haraji tun kafin a yanka farashi.

Nijar ta fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, don haka mai gida ɗan Najeriya ya riƙa bibiyar ƙa'idojin zama da na shige da fice, ya ajiye takardunsa a sabunte. Ambaliyar daminar 2024 kuma ta rusa gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, akasarinsu na laka da waɗanda ke kan hanyar ruwa. Mai son fegi ya je ya gan shi a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, kafin ya miƙa kuɗi.